Farar Fitilar Kasmidi

Shekara goma sha tara Kang Kasmidi yana sauko da ni kasuwa a bayan baburinsa, ni da kwanduna biyu na kabeji da karas, kuma ko sau ɗaya bai taɓa kayar da ni ba. Kang a yarenmu yaya ke nan, haka muke kiran namiji don girmamawa. Da wannan na fara saboda masu dogon baki a ƙauyenmu, waɗanda yanzu suke maganarsa kamar dama can ɗan ganganci ne.

Mu da muke kan dutsen Sumbing, duk mai son ya tarar da 'yan sari a kasuwa sai ya bar gida ƙarfe uku da rabi, ya yi asuba a masallacin kasuwa. Hanyar siririya ce, gefe ɗaya bangon dutse, ɗaya gefen gangare da gonakin taba hawa-hawa. Kwana goma sha ɗaya ake sha a kanta kafin a sauka ƙasa. 'Yan acabanmu suna da tasu dabara: in mutum ya doshi kwana, sai ya kashe fitilarsa na ƙiftawar ido, ya dubi hazo. In akwai mai tahowa, haskensa zai nuna kafin a gan shi, sai kowa ya rage wuta ya kama gefensa. Rabin waɗanda suke wannan hanya Kasmidi ne ya koya musu haka.

Gajeren mutum ne, mai taurin kai, kullum da sigari mai kanumfari a baki, ko a kunne ko a kashe. Ba ya gudu, ba ya surutu da fasinja, sai dai ya yi da baburin. Ni da nake da jiki, sauran 'yan acaba in sun hango ni da kwanduna sai kowa ya tuna yana da uzuri. Shi bai taɓa yi min haka ba.

Bara na fara lura da idonsa. Wata asuba ya yi wa bishiyar ayaba sallama a bakin gada, na yi dariya har da hawaye. Bayan sati biyu ya faɗa da mu wani rami wanda shi da kansa yake gargaɗin mutane a kai, daga nan dariya ta ƙare min. Da gari ya waye na dube shi sosai, na ga wani fari-fari a tsakiyar idonsa na hagu, kamar ɗigon ruwan shinkafa.

Na ce, "Kang, yana ce fa a idon nan. Ka je asibiti."

Ya kira sunana haɗe da Yu, wato yaya mace, ya ce, "Yu Rah, kin taɓa faɗuwa a bayana?"

"A'a."

"To ki ji da kabejinki, ni in ji da hanyata."

Na san abin da yake tsoro. Mahaifinsa ya shiga asibiti da ƙafarsa, a makara aka fito da shi. Sannan ranar da aka ji cewa Kasmidi ba ya gani da duhu, ranar babu mai sake hawa bayansa, shi kuwa ba shi da gona, ba shi da wata sana'a sai baburin nan. Na yi shiru. Ba don tausayinsa kaɗai ba, har da son kaina, don ban san wanda zai ɗauke ni ba in ya daina. Har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Maimakon asibiti sai ya tafi birni wajen bakanike. Aka cire masa tsohon ƙwan fitilarsa mai ruwan ɗorawa, aka sa masa sabo fari tas, irin na zamani. Bakaniken ɗan birni ne, ina ya san zancen kwanarmu? Ya haɗa wayar kai tsaye, in dai inji yana aiki fitila tana ci, makunnin ya zama ado.

Ranar da ya iso da ita tashar 'yan acaba, ba irin tsiyar da ba a yi masa ba.

"Kang, filin ƙwallo aka ba ka kwangilar haskawa?"

"Ku bar shi, zakarunmu sun fara cara tun ƙarfe uku, sun zaci gari ya waye!"

Shi ma dariya ya yi. Satin farko sama a washe take, ya riƙa ganin hanya fes, har waƙa na ji yana yi ƙasa-ƙasa. Gaskiya ni ma na ji daɗi, na ce a raina ashe abin mai sauƙi ne.

Sai damina ta shigo, hazo ya sauko. Tsohuwar fitilar takan ratsa hazo ko yaya, wannan kuwa sai ta mai da shi farin bango a gabanmu, hasken ya dawo mana a fuska. Ina jin bayansa ya sandare. A kowace kwana babban yatsansa yakan danna makunnin nan kamar yadda ya saba, fitila kuwa ko gezau.

Na ce, "Kang, ba ka kashe ba."

"Ba ta kasuwa."

"To yaya za ka san da mai tahowa?"

"Ai shi zai san da ni."

A kwana ta bakwai ta hanyar abin ya faru, ranar wata Laraba. Sarwoto, ɗan acaba mai 'ya'ya huɗu, yana hawowa da buhu biyu na taki daga inda mota take sauke kaya. Ya kashe tasa fitilar yadda aka koya masa, ya ga haskenmu, ya kama gefen gangare yana jira a rage masa. Ba a rage ba. Yana shan kwanar hasken ya dalle masa ido, ya daina ganin bakin hanya. Ko taɓa shi ba mu yi ba. Na ji ƙarar babur yana gangarawa, sannan na ji mutum yana salati daga cikin ganyen taba.

Ƙafarsa ta karye wuri biyu. Kasmidi ne ya goyo shi har titi, yana haki yana kiran gajeren sunansa, "To, To, yi haƙuri, To," kamar mai lallashin jariri.

Bayan kwana biyar muka je duba shi, na dafa shinkafa da tempe, wainarmu ta waken soya, na kai. Sarwoto yana kwance an ɗaure ƙafar, amma bakinsa lafiya lau.

"Kang, na ga hasken nan na ce shi ke nan, mala'iku ne. Ashe kai ne da Yu Rah da kabeji."

Babu wanda ya yi dariya sai shi. Can ya daina, ya dubi Kasmidi.

"Kai ka koya min kashe fitila a kwana, Kang. Da sanda ma ka koya min. Me ya sa ka sa wannan abin?"

Kasmidi ya dubi ƙasa. Na buɗe baki zan faɗi zancen idonsa, ya ɗago ya yi min wani kallo, na haɗiye maganata.

'Yan acaba suka zauna a kan lamarin. Ba su kore shi ba, girmansa ya wuce nan. Abu ɗaya suka ce: ya mayar da tsohuwar fitila da makunninta, ko kuwa ya bar hanyar sai rana ta fito. Su a ganinsu sassauci suka yi masa. Ba su san fasinjan rana ba ya ciyar da gida a nan ba? Sun sani. Abin da ba su sani ba shi ne wanda ni da shi muka ɓoye.

Ya mayar da tsohuwar fitilar da hannunsa a ƙofar gida. Washegari ƙarfe uku da rabi ya zo ya ɗaure kwandunana kamar kullum, ya ja igiyar sau biyu ya tabbatar. Na hau. Muka wuce masallaci, muka wuce gidan ƙarshe mai ƙwan lantarki a ƙofa, muka shiga duhu. Bai yi taku hamsin ba ya taka birki. Ni ina ganin hanyar a cikin ɗan hasken nan, har da ciyawar gefenta. Mun fi minti ɗaya a tsaye, inji yana ta aiki, sannan ya murɗa makulli ya kashe.

"Sauka, Yu."

"Kang, in na riƙa faɗa maka dama da hagu..."

"Sauka. Ke ma kina da 'ya'ya."

Na sauka. Muka juya baburin tare, shi ya kama kai, ni ina turawa daga baya, kabejina yana ta rangaji. Kuka nake yi, amma ban bari ya ji ba. Da muka iso gidansa, matarsa Lasmi ta leƙo da tsintsiya a hannu, ta dube mu, ta dubi kwandunan da ba su je ko'ina ba, ta kira shi da Pak, yadda ake kiran maigida a nan.

"Lafiya, Pak? Babur ɗin ne ya lalace?"

Ya kafe shi a tsaye, ya share raɓar da ke kan kujerar da tafin hannu.

"A'a," ya ce. "Shi lafiyarsa ƙalau."