Kofin Tela da Kwanon Auta

Telan layinmu mutum ne da bai taɓa yarda an kayar da shi a gardama ba. Ko rigarka ya ɗinka ta matse, zai tabbatar maka kai ne ka yi ƙiba a hanya. Shagonsa na ƙasan bene, shi da matarsa suna zaune a sama. Tun ina saurayi nake kai masa ɗinki.

Da ciwo ya kwantar da uwargidansa, likita ta ce jininta ya yi ƙasa, a kula da cimarta. Tela ya yanke hukunci nan take: ruwan tumatir. Kullum da safe ya markaɗa, ya tace da wani ƙyallen da ya yi wa kalmasa da hannunsa, ya hau bene da kofi.

Ita kuwa ƙanwar matar, wadda kowa ke kira Auta ko da furfura ta fara fito mata, sai ta zo da nata: busasshen afirikot, ɗan itacen nan mai launin lemo, ta dafa shi har ya yi laushi.

“Mijin Yaya, wannan jan ruwan naka me zai tsinana mata?”

“Ke ba ki ga launinsa ba? Da shi da jini uwa ɗaya uba ɗaya.”

“To ai sai a ba ta jan zare ta haɗiye. Nawa ne mai sinadarin ƙara jini, ga sa ƙarfi, ga gyara ciki.”

“Naki sukari ne zalla. Alewa kika kawo wa babbar mace.”

Mara lafiyar tana jingine da matashi, sai ta kurɓi wannan, ta ɗanɗani wancan, ta yi nazari kamar alƙali, sannan ta ce, “Yau Auta ta ci.” Gobe ta ba Tela. A duk yini, lokacin nan ne kawai ake jin dariyarta daga shago.

Wata rana likita ta tarar da su ana cikin yi. Ta ce ai kowa da gaskiyarsa. Afirikot ya fi sinadarin ƙara jini da sa ƙarfi, amma da zaƙi. Ruwan tumatir ba nauyi, kuma bitamin ɗin da ke cikinsa yana taimaka wa jiki ya amfana da na afirikot ɗin. A haɗa su kawai.

“Haba likita,” in ji uwargida, “za ki kashe mini wasa.”

A bakin matakala likita ta faɗa musu sauran maganar. Ciwon ya wuce inda kofi ko kwano zai kai. Su ba ta abin da ranta ke so.

Tela ya sauko shago, ya zauna gaban keken ɗinki bai taka ba. Ina wurin, na zo karɓar wando. Can ya ce, “Abin da ranta ke so ai faɗanmu ne.”

Haka suka ci gaba. Auta ta share hawaye a bakin ƙofa, ta shiga tana zagin tumatir. Da uwargida ta daina iya haɗiya, sai dai a shafa mata a leɓe, amma hukunci bai fasa fita ba. Wata safiya suka shiga, suka ga yadda ta koma, kowa ya kasa buɗe baki.

“Yau ba faɗa?” ta tambaya, muryar da ƙyar.

Tela ya gyara murya. “Alewa,” ya ce. Iyakar abin da ya iya ke nan. Ta yi murmushi, ta ce shi ya ci. Ba ta sake yanke wani hukuncin ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, Tela ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma bai rage shi ba. Ran nan ina shagon sai ga Auta da ɗan kwanonta a rufe. Ta ajiye kan keke.

“Ci, mijin Yaya. Ka zama kamar allura.”

Ya ɗebi cokali ɗaya, ya daɗe yana taunawa.

“Zaƙi ya yi yawa.”

“Naka ai ruwa ne.”

Sai duka biyun suka ɗaga kai wajen matakala, suna jira.