Gorata suka auna

Yau Talata. Gwiwa ta sassauta, ciki yana nan yadda yake.

Da hantsi Hauwa, mai kawo mini nono daga Lamadji, ta kira ni a waya. Cikina ba ya ɗaukar kindirmo mai kauri, shi ya sa na roƙe ta ta riƙa sirka mini nawa da dafaffen ruwa a gora dabam.

"Baba Malam, masu binciken abinci na gwamnati sun tare mu. Duk kayana, a gorarka suka tsoma ma'auninsu."

"Ba ki ce musu tawa ce ba?"

"Na faɗa. Suka ce kowace mai algus tana da tsohonta marar lafiya."

Sun zubar da nonon duka, sun hana ta talla sai ta kawo shaida.

Ban ƙi a kama macuta ba. Amma shaidar ni ne, kuma ko bakin titin unguwarmu Goudji ba na iya kaiwa. Jama'a, takarda za ta wadatar da su?

Ta ce za ta zo da la'asar ta karɓa. Na rubuta, na sa hannu. An kira magariba, ba ta zo ba.