Ɗingishina da Aka Mayar Sabon Taku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyar ke nan ban leƙo nan ba, har wasu na tambaya ko na koma Kano ne. Ina nan Makka. Jinya na yi, kuma akwai haƙƙin mutane a wuyana da nake so in sauke yau.

Waɗanda suka san ni sun san ba ni da hayaniya. Amma tun ina yarinya, in an tashe mu daga makarantar allo, wurin gaɗa nake zarcewa. Da aure ya kawo ni nan, sai na tarar da irina a unguwar Mansur. Mu goma sha biyu ne. Duk bikin 'yan gida, a ɓangaren mata, mukan jeru sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, taku biyu dama, biyu hagu, a juya tare. Sai da na tambayi malamai uku kafin na shiga. Suka ce tsakanin mata ba laifi. Na ƙara na huɗu don zuciyata ta kwanta.

Shekara ashirin da ɗaya muna yi, ƙa'idarmu ɗaya: wadda ke bakin sahu ta dama ita ake bi, ba tambaya. Ni ce a wurin.

Ciwon ya fara ne a bikin 'yar Hajiya Rabi, ƙawata mai sayar da masa. Na juya ke nan, gwiwar hagu ta ce ƙas. Kunya ta hana ni tsayawa. Na ci gaba ina jan ƙafar, ina karkacewa, ina dafa cinya.

Da na waiga, mata goma sha ɗaya na jan ƙafa suna dafa cinya.

Aka yi ta guɗa. Rabi ta rungume ni ta ce, "Hajiya Binta, ashe kina ɓoye mana kaya. Wannan daga Kano aka aiko miki?"

Na ce, "Daga Allah ne." Ban yi ƙarya ba, amma Allah ya san ban faɗi gaskiya ba.

Takun ya bazu, har unguwar Shisha aka gayyace mu saboda shi. In na cije leɓe don azaba, su ma su cije. Wata biyu ina shafa man zafi, ina ɗaure gwiwa a ɓoye. Ranar da sujada ta gagare ni, na yi azahar a kan kujera ina hawaye, maigida ya ce, "Khalas, ya isa haka, ɗauko abayarki, asibiti za mu."

Hoton farko bai nuna komai ba. Aka tura ni wurin na'urar nan da ake zura mutum ciki kamar burodi a tanda, riyal ɗari takwas. Duk surar da na haddace sai da na karanta ta cikin ƙarar nan.

Likitan ƙashi, wani dattijo Bamisire, ya ce guringuntsin gwiwa ne ya yage, kuma na daɗe ina takawa a kansa. Ya ce, "Ya Hajja, me kike yi da ƙafar nan?"

Na dubi ƙasa na ce, "Zumunci."

Maigida ya ce, "Rawa take yi, likita."

Aka ce sai aiki. Tsoro na ji sosai. Na tambayi likita ko zan ƙara kai goshina ƙasa, ya ce insha Allah. Saura tambaya ɗaya. Maigida ne ya yi ta a madadina: "To sahun fa?" Likita ya ce, "Wata huɗu, in ta ji magana."

Kwana biyu na yi a gado, sati shida da sanduna, gashin ƙashi sau uku a mako. Matan sahu ba su bar ni ba, kullum da mai kawo masa ko kunu. Sun ɗauka santsin banɗaki ne ya kayar da ni, ni kuma ban gyara musu ba. Rabi ta ce, "Kwantar da hankalinki, takunki na nan. Har nishi muka ƙara masa."

Alhamis ɗin da ta wuce na koma bakin sahu. Na taka lafiya lau, ƙafa a miƙe, zuciyata fal godiya. Sai na ga sahun ya tsaya. Rabi ta matso ta raɗa min, "Jinya ta sa kin manta. Koma tsakiya ki bi ni."

Haka na ƙare bikin ina koyon ɗingishina a wurin Rabi. Har gyara min take yi.

To 'yan uwana na sahu, ku yafe min. Wannan ba taku ba ne, ciwo ne.

Na gode wa Allah da ya mayar min da sujadata da wurina a cikinku. Na gode wa maigida, da likitoci, da duk wadda ta hau benenmu da kwano a hannu.

Shawarata: ciwon gaɓa in ya wuce sati, a je asibiti, man zafi ba ya ɗinke abin da ya yage. In hoton farko bai nuna ba, a nemi na biyu. Kada a yanke gashin ƙashi don an ji sauƙi. Kuma a faɗa wa likita gaskiya tun kafin miji ya faɗa.

Rabi, na lura kwanan nan kina ɗan dafa ƙugu in za a juya, mun kuma fara bin ki. In sabon taku ne, ki faɗa mana. In ba shi ba ne, Lahadi da safe ki shirya, ni zan raka ki.