Kada Ya Je Gella

Mu mutanen Mubi ba ma nuna bambanci a Hausa. Namiji "ya zo", mace "ya zo", akuya ma in ta faɗo gida "ya shigo". In na riƙe biro nakan gyara, amma bakina ya fi ƙarfina. Shekara hamsin ina zuba wannan Hausa ba wanda ya kama ni, sai 'yar cikina.

A gidana na Nassarawo akwai doka ɗaya da ko kaji sun haddace: yaro ba ya kwana a waje sai ya gama sakandare. Dokar da dalilinta. Shekarar da muka gudu muka bar gari saboda rikici, yarinyar nan tana 'yar shekara biyar ta ɓace mana a hanya yini guda cur, sai da yamma muka gan ta goye a bayan wata tsohuwa 'yar Michika. Tun daga ranar, rana na faɗuwa nake ƙirga kawuna kamar makiyayi a bakin garke.

To, sai ga shi an zaɓe ta ta ja waƙa a taron mawaƙan matasa na coci-coci a garin Gella, Asabar da Lahadi, a kwana a can. Ta shigo da labarin tana tsalle har kwanon rufi ya amsa. Washegari bayan addu'ar safe, ita da yayanta suna zaune a tabarma, na gyara murya kamar alƙali, na dubi uwarsu na ce, "Kada ya je Gella."

Yarinyar ba ta yi musu ba. Na ce a raina, ka ga tarbiyya.

Safiyar Asabar na fito da buta, sai ga kayan mawaƙa an goge su har ƙuda zai zame a kai, jaka a ɗaure, yarinya tana shafa mai. Na yi tsawar da na tabbata an ji ta har garin Betso. Ta durƙusa cikin ladabi ta ce, "Baba, ai yayana ka hana."

Yayan nata, wanda muryarsa ko injin niƙa ba zai yarda su yi waƙa tare ba, ya ɗaga hannu ya ce shi ya yi biyayya, ba zai taka Gella ba har abada. Uwarsu ta kifa kai a kan turmi, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Na ce a kira min malam tela na ƙofar gida. Kakanninsa daga Katsina suka zo, Hausarsa ba gargada, kuma abokin shan shayina ne, na ɗauka zai rufa min asiri. Ya shigo da zare a baki, ya sa na maimaita maganar sau biyu, ya auna ta kamar mai auna yadi, sannan ya ce, "Maƙwabci, ka yi haƙuri. A Hausa dai namiji ka hana." Ban taɓa ganin cin amana irin wannan ba.

Ana haka bas ɗin matasa ta tsaya a bakin layi, ganguna suna tashi, 'yan mata suna kiran sunanta ta taga. Ta ɗauki jaka, ta kai bakin zaure, ni ina tsaye da buta kamar gunki. Sai ta juyo ta ajiye jakar a gabana.

"Baba, tsokanarka nake yi. Na san nufinka. In ka ce in zauna zan zauna, sai dai zan yi kuka."

Hawayen ma sun riga sun taru. Uwarsu ta ja ni gefe, ta ce kullum da safe ni ke jan addu'a ina roƙon a yi nufin Allah, ga yarinya ta bar abin da bakina ya faɗa ta bi nufina, ni fa na tambayi nufin Allah a kan maganar nan, ko tsorona kawai na tambaya? Ta ce wanda ya tsare ta ranar da ta ɓace ba ni ba ne, kuma ya san hanyar Gella.

Direba ya danna hon. Wata dabara ta faɗo min, na ruga ɗaki da gudun da ban yi ba tun ina saurayi, na fito da tabarma, gidan sauro da hula. Na ce doka tana nan daram, yaro ba ya kwana a waje. Amma inda uba ya shimfiɗa tabarmarsa, nan ne gida.

Haka aka cusa ni a bas tsakanin ganga da buhun shinkafa, matasa suna tafi suna ce min sabon mawaƙi. Na kwana a barandar ajin da aka sauke 'yan mata, sauron Gella suka yi bikin Kirsimeti a kaina.

Ranar Lahadi yarinyar ta fito gaba. Ta duba cikin jama'a har ta gan ni, na ɗaga mata hula. Da ta buɗe baki, cocin nan ya yi tsit, sai muryarta kaɗai, sannan ganguna suka ɗauka, kowa ya miƙe. Na so in yi guɗa, na tuna da furfurata da muƙamina na dattijon coci. Sai na toshe hanci na rangaɗa abata.