Ranar da Kaka Ya Ƙi a Kira Lauya

A kasuwar Chow Kit, a ƙasar wajen da nake karatu, akwai wani koren wake mai wari da suke kira petai. Duk ranar da na bi ta layin masu sayar da shi, sai hancina ya mayar da ni tsakar gidanmu, lokacin da Inna ke buɗe kwandon daddawa.

Da ɗorawa garinmu ya tashi. Kurmin da ke bayan rafi ba na mutum ɗaya ba ne, na gari ne. Da bazara mu yara mu sha garin ɗorawa har bakinmu ya yi rawaya, mata kuwa su dafa kalwa, su kai daddawa kasuwa. Da ita ake toshe bakin yunwar damina.

Sai wani kamfani ya turo mutanensa, wai za su riƙa sayen kalwarmu, su kafa inji a gefen kurmin. Kakana ne babba a gari. Kawu, wanda ya ɗan zauna a birni, ya roƙe shi a ɗauko lauya ya duba takardar kafin a dangwala hannu. Kaka ya ɓata rai.

"Mutum ya ci tuwonka, kun shafa fatiha, sannan ka kira masa lauya? Ai ka mai da shi ɓarawo ke nan."

Aka raba goro, aka dangwala. Kafin ɗorawa ta sake nuna, an zagaye kurmin da waya mai ƙaya, ga maigadi a ƙofa. Ranar da aka koro Inna da kwandonta, Kaka ko tuwo bai taɓa ba.

Ina ƙaunar tsohon nan, Allah ya jiƙansa, amma har yau abin na ci mini rai. Jin kunyar mara kunya ai asara ce.

Yanzu ina karatun dokokin kasuwanci a nan, ina kuma taimakawa a wani ofishi da ke tsaya wa 'yan asalin ƙasar, mazauna daji, yana duba musu yarjejeniya kafin su sayar da zuma ko su ba da hayar fili. Duba takarda irin tamu aikin wuni guda ne, wallahi. Shi ne muka rasa.

Makon jiya Inna ta kira ni, tana tambaya ko karatun nawa ya kai a ƙwato kurmin. Na ce mata da saura.

"To ka hanzarta," in ji ta. "Sun fara sarewa suna gawayi."