Tagar da ta rufe a kwamfutar ƙanena

Ni sakatare ne a wata lakwal, wato makarantar boko, a nan Matameye. Ƙanena ne ya rubuta mana ɗan tsarin kwamfuta da muke shigar da sunayen yara a ciki. Da kansa ya koya, a shekarun da yake zuwa cin rani Kano.

Tsarin yana da wani hali. In za ka fita, sai ƙaramar taga ta buɗe ta tambaya: “A ajiye?” A kwamfutar lakwal, in ka danna alamar rufewa ta saman tagar, tambayar ce kawai ke gushewa, aikinka yana nan. A tasa kwamfutar kuwa, komai ke rufewa, abin da ba a ajiye ba ya tafi.

Na taɓa yi masa magana. Ya yi dariya.

“Yaya, rubutu ɗaya na yi musu, wallahi. Kowace da halinta, kamar awakin Inna.”

“To gyara mana, injiniyan gida.”

“Bari a gama girbi.”

Bai kai girbin ba. Zazzaɓi ne, kwana huɗu.

Bayan sadakar uku na shiga ɗakinsa na ɗaga murfin kwamfutar. Ashe bai kashe ta ba. Shafi na buɗe a cikin tsarin, wurin da muke rubuta bayani kan yaro. Ba bayanin yaro ba ne. Layin farko ya ce: “Yaya, akwai abin da na kasa faɗa maka baki da baki.” Ƙarƙashinsa rubutu ne har ƙasan allo.

Nan aka yi sallama, 'yan gaisuwa daga Yauri, har sun kai bakin ƙofa. Ban so wani ya gani kafin ni ba. Na yi sauri zan fita, taga ta tambaye ni. Sai na ga gara in bar shafin yadda ya bar shi, in sauke murfi kawai. Hannuna ya yi abin da ya saba yi a lakwal shekara uku.

Na amsa gaisuwa, na raka su har waje.

Na kai kwamfutar Zinder wurin wani mai gyara. Ya yini a kanta. Ya ce, “Malam, ka yi haƙuri, abin da ba a ajiye ba babu inda yake.”

Na tambayi Inna ko ya taɓa gaya mata wata damuwa. Ta ce a'a. Na tambayi abokinsa na Kano, shi ma bai sani ba. Layi ɗaya na karanta. Na rubuta shi a takarda don kada shi ma in rasa shi.