Mai Kula da Fili

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tsaron raga a gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru, ana jigilarmu a bas daga wannan jiha zuwa waccan. Amma a bakin mahaifina duk wannan kalma ɗaya ce: wasa. In abokan cinikinsa a kasuwar hatsi suka tambaye shi ina babban ɗansa, sai ya ce, "Yana can kudu yana wasa," kamar dai yaron da ya tafi langa. Abin yana ci mini rai, ban taɓa iya gaya masa ba.

Da gwiwata ta ƙi, na dawo Kontagora da tabon tiyata da tsohuwar safar hannu. Wata kwaleji mai zaman kanta a bayan gari ta neme ni in horar da ɗalibanta. Ranar karɓar takardar aiki na ga an rubuta "mai kula da fili". Na nuna wa magatakarda. Ya yi dariya ya ce, "Haba Koci, suna ne kawai a takarda. Ba ka da digiri, nan ne gurbin da ya rage. Ai kowa ya san kai ne koci." Na sa hannu. Ni da nake karanta ƙafar mai buga fanareti tun bai ɗaga ta ba, na kasa karanta wannan mutumin.

A makon ne na ji Baba da kunnena yana cewa wani, "Yanzu koyarwa yake yi a kwaleji." Har da gyara hula. Ban gyara masa zancen ba, don rabona da jin daɗi irin wannan na manta.

Filin kuwa na kula da shi, ba ƙarya. Ƙaya ce da kashin shanu, don ta nan makiyaya ke ratsawa. Ni na share, ni na ja layi da toka. Ɗalibai suka zo daga Rijau da Bangi da Beri, wasu Hausarsu da ƙyar, amma ƙafa akwai. Shekara biyu muna shan rana tare. A takarda kuma akwai wani malamin sashen wasanni a samana, mai digiri da tumbi. Ba ya zuwa sai ranar gasa, da laima a hannu da usur a wuya. Ban taɓa jin kukan usur ɗin nan ba, wataƙila ma ba ya yi.

Muka ci kofin kwalejojin yankinmu. Aka sa bikin karramawa da hantsi. Na ɗauko Baba a babur, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, na zaunar da shi a gaba cikin rumfa. Tunda nake, bai taɓa zuwa kallona a fili ba sai ran nan.

Mai gabatarwa daga jerin sunayen ma'aikata yake karantawa. Ya ce a tafa wa mai horar da 'yan wasa, sai ya kira mai laima. Shi kuma ya miƙe ba kunya ba tsoron Allah, ya rungumi kofin, har ya yi jawabi a kan wahalar atisaye. Ɗalibaina suka sunkuyar da kai. Ina tsaye ina jiran ko a ƙarshe za a ambace ni, sai lasifika ta ce, "Ina mai kula da fili? A ƙaro kujeru a rumfar baƙi." Magatakarda ya nuno ni da biro.

Kuma na ɗauko. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin takaici. Ba haushin mai laima nake ji ba kamar haushin kaina. Kujeru huɗu-huɗu na riƙa jidowa ina ɗingishi, ina wucewa ta gaban mahaifina, don kada a ce tsohon ɗan ƙwallo ba shi da tarbiyya.

Bayan taro na mayar da Baba a babur. Sai da ya sauka a ƙofar gida, ya kakkaɓe rigarsa, ya dube ni.

"Da can da nake cewa wasa kake yi, ashe lokacin ne kake aiki," in ji shi. "Yanzu da kai ake wasa."

Washegari na bi ta rumfarsa a kasuwa, na tarar wani baƙo yana tambayarsa me nake yi. Baba ya ce, "Tsohon gola ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi." Bai ambaci kwaleji ba, bai kuma sake ambatarta ba har ya rasu.